Sarkin Hanya Ya Taka Burki

"Lafiya lau, baiwata. Ya gajiyar zaman banza?"

"Gajiya tana wurin masu wahala da motar mutane. Shigo, amma kaɗe ƙafafun nan, yanzu na yi shara."

Haka Nasirou da Nafissatou suke gaisawa tun suna yara a Damagaram, kuma zuwansu Sabha, can ƙasar Larabawa, bai rage komai ba, sai ma abin da ya ƙaru. Taubasai ne, ubansa da uwarta ciki ɗaya. A al'ada ɗan namiji shi ne ubangida, 'yar mace kuwa baiwa, to Nasirou ya riƙe wannan sarauta da hannu biyu kamar a kanta za a yi masa hisabi. Direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana jigilar dabino daga gonakin Zighan zuwa kasuwar Sabha. A bayan motar an rubuta Sarkin Hanya da jan fenti, ko da yake motar ta wani Balarabe ce. Ita kuma tana aure a unguwar Sukra, tana ɗinki, amma kafin ɗinkin ta yi lise, wato babbar sakandare, lissafi a wurinta kamar shan ruwa ne.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ya shigo da kwalin dabino a kafaɗa, ga wata baƙar jaka ya maƙale a hammata yana kare ta da jiki, wai kada a gani. Mijinta Assoumane yana gindin bango yana fifita gawayin shayi. Ya amsa gaisuwa ya koma kan butarsa, don ya daɗe da sanin cewa duk wanda ya shiga tsakanin waɗannan biyun shi zai tashi da ciwon kai.

Ordinata ce a cikin jakar, wato kwamfuta, abin da ke cikinta kuwa shi ya hana Nasirou sakat. Wani wasa ne na harba kumbo: ka haɗa kumbonka da kanka, ka zuba masa mai, ka sa ɗan matuƙi a ciki, ka cilla shi sama. Ba sani ba sabo, in ka kuskure lissafi sai dai ka ga wuta. Nafissatou ce ta koya masa, ita ce kuma ta sa shi a guruf ɗin masu wasan, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da ke neman abinci a nan, inda ake wuni ana gardamar wa zai kai duniyar wata da mai mafi ƙanƙanta, ko me ya sa kumbo mai hawa uku ya fi mai hawa ɗaya nisa. Dokarsu ɗaya ce tak: ba a komawa baya. Wanda ya sake ɗora wasan don ya goge kuskurensa, a kore shi, a yi ta yi masa dariya har cikin kasuwa.

To sai gogan naka ya je ya sa wa 'yar matuƙiyarsa sunan 'yarsa Mariam, wadda ya baro a gida tana koyon magana, ga shi yanzu har ta shiga lekol tana koyon karatun boko. Duk Juma'a yakan ɗauki bidiyon kumbon ya tura wayar uwarta. Yarinya ta ɗauki abin da gaske, tana ta gaya wa ƙawayenta babanta ya kai ta wata. Kai ta ɗin kam ya kai ta. A hanyar dawowa mai ya ƙare ƙaf, kumbon ya shiga kewaya duniya babu ranar sauka. Ya tattara sauran kayan da yake da su ya haɗa kumbon ceto, ya raɗa masa Sarkin Hanya, ya bi bayanta. Yakan hango ta can gaba kamar ɗigon fitila, ya taka mai, sai ta ƙara nisa. Ya ƙara takawa, ta ƙara nisa. Yanzu man da ya rage na gwaji ɗaya ne, kayan haɗa wani kumbon kuma babu. Yarinya kuwa kullum ga saƙon muryarta, tana tambaya yaushe Baba zai sauko da ita, shi kuma ƙaryarsa ta ƙare. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron ranar da zai ce mata ya kasa.

Ya dire kwalin ya ce ya kawo wa bayinsa sadaka ne, kada yunwa ta kashe su a ce bai kula ba. Nafissatou ta ɗaga murfi ta leƙa, ta ce dabinon ya yi kyau da yawa a ce daga hannunsa ya fito, ko dai ya faɗo daga motar mutane ne? Sannan ta kai ido kan jakar.

"Wannan kuma fa? Jaririn wa ka sato?"

"Ordinata ce. Ƙura ta shige ta, na ce bari baiwata ta goge mini."

"Ƙurar da ta bar 'yar mutane a sama tana shawagi? Ai duk guruf an sani. Ni na ce bari in ga iya taurin kan ɗan kawu."

Nasirou ya ce ba taurin kai ba ne, tsari ne, yarinyar tana shan iska, shi ya ba ta hutu. Ta tambaye shi me ya gaya wa Mariam makon jiya. Ya sosa ƙeya ya ce ya gaya mata ana gyaran taya. Nan Assoumane ya ƙware da shayi.

"Taya a kumbo," in ji Nafissatou. "Wallahi da gwaggonka ta san abin da wanta ya haifa, da ta roƙe shi ya mayar."

"Gwaggona ta san ta haifa mini baiwa, shi ya sa take sa mini albarka. Ke da kika fasa kumbo uku wajen haɗa su, har kina da bakin magana? Hannunki rawa yake kamar keken ɗinkinki."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Lissafinta ba ya kuskure, amma in aka zo manna kumbo da kumbo sai ta yi karo. Ta murguɗa baki ta ce ya buɗe su gani. Ya buɗe a kan tabarma, ya nuna mata ɗigon da ke gaba, ya bayyana shirinsa da ƙarfin gwiwa: wannan karon zai zuba duk man da ya rage a taki ɗaya, don shi tun da ya fara tuƙi bai taɓa ganin motar da ke gabansa ya taka mai ta tsere masa ba. Har ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Ta buge hannun da tsinken fifita wuta.

Ta ce ta san maganin abin, amma baiwa ba ta koyar da ubangida, haramun ne a al'ada, ai shi ya sha faɗa mata. In yana so, sai ya ɗauki waya ya faɗa da bakinsa a guruf ɗin dangi cewa ita ce uwargijiyarsa. Nasirou ya miƙe tsaye ya ce gara ya sha man kamiyo. Ya yi mata tayin wani kwalin dabino, ta ce wannan ma bai ƙare ba. Ya ce zai kai ta Tamanhint ta ga jirgin sama na gaske daga bakin hanya, ta ce ta gode, wanda bai iya sauko da 'yarsa ba ba zai ɗauke ta a mota ba. Ya juya wurin Assoumane neman ceto, Assoumane ya ce shi shayi yake dafawa. Aka yi ta ja a kan tsawon lokacin da zai yi mata bauta kamar cinikin akuya, daga shekara aka sauko wata, daga wata aka sauko mako. A ƙarshe aka tsaya daga yanzu zuwa faɗuwar rana.

Ya kai wayar baki, murya can ƙasa kamar mai ciwon haƙori. "Ni Nasirou, daga yanzu zuwa magariba, bawan Nafissatou ne."

"Ban ji ba. Gwaggonka kunnenta ya yi nauyi."

Ya maimaita da ƙarfi, ya tura. Kafin ya ajiye wayar har dangi sun fara turo dariya daga Damagaram.

"To, bawa, juya kumbon nan baya, ka taka burki."

"Burki? Tana gaba, ina baya, ki ce in taka burki? Ashe ɗinki ya cinye lissafin."

Sai ta tambaye shi, in motoci biyu suna kewaya shataletale, wadda ta bi ta ciki da wadda ta bi ta waje, wacce ke riga gamawa? Ya ce ta ciki mana, ko makaho ya sani. Ta ce to a sama duk lokacin da ya taka mai ba gaba yake zuwa ba, waje yake fita, kewayensa ya ƙara faɗi, tafiyarsa ta ƙara nawa, shi ya sa yarinyar ke tsere masa. In ya rage gudu, duniya za ta jawo shi ƙasa kaɗan, ya faɗa layin ciki, hanya ta gajarce, gudun ma ya ƙaru da kansa kamar guga in ya nufi ruwa. Ta ƙasanta zai biyo ya cim mata, sannan ya ɗan taka ya hau layinta.

Nasirou ya ce wannan maganar banza ce, da a hanyar Zighan ake tuƙi haka da dabino ya ruɓe a mota. Ta ce shi ya sa Allah ya bar shi a hanyar Zighan. Ta lissafa da alli a jikin teburin ɗinki, ta ware man da za a sauko da shi gida, ta ce sauran shi ne nasa, in ya wuce layin da ta nuna masa ko da ƙiftawar ido ne, ya nemi abin da zai gaya wa Mariam.

Ya juya kumbon. Yatsansa ya ƙi taka burkin, duk jikinsa yana gaya masa ba haka ake yi ba. Ya yi bisimilla ya danna, ya saki daidai inda ta ce. Da farko ɗigon ya ƙara gaba, har ya buɗe baki zai ce ta kashe shi. Ta ce ya rufe bakin kada ƙuda ya shiga. Kumbon ya kewayo, ya sake kewayowa, sai ga ɗigo yana girma, yana girma, har ya zama kumbo sosai da tagoginsa.

Da aka zo mannawa Nafissatou ta miƙa hannu, sai kuma ta janye da kanta ta ce aikin ƙarfi na bayi ne. Nasirou ya gyara zama. Mutumin da ke shiga da kamiyo da baya tsakanin itatuwan dabino ba tare da ya karya reshe ba, nan kam gidansa ne. Ya dinga taɓa maɓallin kaɗan-kaɗan, yana yi wa kumbon magana kamar yadda yake yi wa motarsa, har hancin ya shiga inda ya kamata ƙwas. Aka kwaso Mariam, aka kunna sauran mai, laima ta buɗe, kumbo ya dira cikin teku lafiya. Nasirou ya share zufa ya ce dama haka ya shirya tun farko.

Ya tura bidiyon gida. Suna shan shayi na biyu yana cika baki amsa ta iso, ya kunna da ƙarfi don kowa ya ji yabonsa. Yarinyar ta yi ta tsalle da murna, ana jin takun ƙafarta, ta ce za ta gaya wa duk 'yan ajinsu. Sai kuma ta jefo tambaya.

"Baba, to kai wa zai je ya ɗauko ka? Kai ma man naka ne ya ƙare?"

Nasirou ya ajiye kofin shayin. Sallah nawa ke nan bai je gida ba, yana cewa bari ya ƙara lodi ɗaya tukuna, bari kakar dabino ta wuce tukuna. Kunya ta kama shi, ga kewar yarinyar. Assoumane ya duƙufa kan gawayinsa. Nafissatou ta dubi ɗan kawunta, ta ɗaga kai ta dubi rana a kan katanga.

"Rana ba ta faɗi ba tukuna, ko, bawa?"

"Da saura," ya ce a hankali.

Ta jawo kwalin ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a faranti, ta rufe sauran ta tura gabansa da ƙafa.

"To ga aike. Ka kai wa Mariam wannan, hannu da hannu. Ban ce ka ba wani direba ba. Kuma dabinon nan mai taushi ne, ba ya son jira."

"Kyautar da na kawo miki za ki aike ni da ita?"

"Da dukiyata da bawana, wa zai hana ni?"

Ya dubi kwalin, ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa, idonsa jawur. Ya ce kaka tana ƙarewa ƙarshen watan nan, zai miƙa wa Balarabe makullinsa. Ya ɗauki waya ya gaya wa Mariam ta bar masa wuri a tabarma, an sami mai ɗauko shi. Sannan ya saɓa kwalin a kafaɗa ya nufi ƙofa.

"Na bi, uwargijiya. Amma ki sani, ana kiran magariba kin koma baiwa."

"Na sani. Shi ya sa na yi sauri."