Alif ɗin Tela

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da wani tela ya ƙwace mini harafi a bainar jama'a ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta ko na ci abinci. (Ya fara kai ni. Wannan ce dai ta ƙi gogewa.)

Karatuna izu biyu ne da ɗoriya, sai ɗan abin da na taɓa na firamare a Kano, wadda na bari saboda malamin bai fahimci darajata ba. Hajji na zo, Allah bai nufa na koma ba. Na tura arabiyya, keken da ake ɗora tsofaffi, a Harami har gwiwa ta ce ita ma turawa take so, sai na koma tsintar tsofaffin ƙarafa ina kai wa wani Bayamale. Iƙama kuwa, takardar izinin zama, labarinta kawai nake ji, an ce kyakkyawa ce.

A wajen Bayamalen nan na ga na'urar. Sanda ce mai faifai a gindi, kana shafa ta a kan turɓaya, in ta ji ƙarfe sai ta yi tsuwa kamar ɗan tsako. Ya nuna mini a wayarsa yadda Turawa ke tono tsofaffin kuɗi da ita a wuraren shaƙatawa na bayan gari. Na ce to, in ƙasar sanyi tana fid da wannan, ina ga Makka, inda ayari ke zubar da kaya tun ba a ƙirƙiro aljihu ba? Na ba shi buhun tagulla, ya ba ni sanda.

A lokacin abokina Habu Tela yana kwance. Bazazzagi ne, ɗakinsa na jikin nawa a unguwar Mansur, kuma bawana ne kamar yadda kowane Bazazzagi yake ga Bakano. (Shi akasin haka yake faɗa. Allah ya yafe masa.) Ciwon suga gare shi, allura ta soke shi a yatsan ƙafa, wurin ya zama gyambo. 'Yarsa Najatu, wadda aka haifa a nan, Hausarta rabi Larabci, kullum maganarta ɗaya: mustashfa, wato asibiti. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya.

"Su yanke ƙafar, su miƙa ragowar a yi mata tarhil, a koro ta gida? In je in mutu a Zariya, inda ko kabarin uwata ban san inda yake ba? A nan za a sallace ni."

Wanda bai zauna ba takarda ba zai ga wauta ce. Mu kuwa mun sani. Mutum ya haƙura da gida, da dangi, da barci mai nauyi, duk don a shiga da makararsa Harami. Ba ya son a zo gab da ƙofa a juya da shi.

Akwai wata hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, a hanyar Muzdalifa inda muke zuwa ranar Juma'a da tabarma da shinkafa da nama, kafin ƙafarsa ta hana. Can na nufa da sandata, don ita kaɗai na san yadda ake zuwa ba a bi ta shingen masu duba takardu ba. Kuma a gindin dalbejiyar da muke zama na tsaya, don nan ne inuwa, kuma bincike irin namu na manya ba ya son rana.

Na tono murafen lemo da za su isa a yi wa raƙumi sarƙa. Na tono cokali, na tono ƙusa. Sannan sanda ta yi wata tsuwa mai ladabi, na tona, sai ga shi: ɗan fallen azurfa, bai fi farce ba, a lanƙwashe, gefensa a cinye, da wani layi siriri a tsaye a tsakiyarsa. Na tofa masa yawu na goge. Alif!

Ai alif ba ya ɓace wa mai izu biyu. Nan take na gane dirhami ne na mutanen farko, sauran rubutun ƙasa ta ci, ta bar harafin farko na sunan Allah don ba ta isa ba.

Na san hukuncin garin nan, kowa ya sani: abin tsintuwa a Makka ba a ɗaukarsa sai don a yi cigiya. Sai na zauna a gindin bishiya na ba kaina fatawa. Mai shi ya rasu shekara dubu, wa zan yi wa cigiya? Kuma marar takarda ba ya ɗaga murya a titi. Na jefa shi a kumatu saboda tsaro na kamo hanya. (Na lura ya zauna a baki daram kamar gidansu. Na ɗauka albarka ce.)

Da na iso na tarar Najatu ta kusa cin nasara. Wani maƙwabci mai tasi ya yarda zai kai su, Habu ya yi laushi, har an ɗauko masa jallabiyya. Ni na shigo na ce a dakata. Na ce Allah ya kawo sauƙi har gida. Na saka dirhami a kofin zamzam, na rufe da farin ƙyalle, na ce ya sha safe da yamma, a shafa saura a ƙafa. Kuma ba mai taɓa shi, ko shi mai jinyar, don hannun jahili na rage ƙarfin abu.

"Ya Ammu, haram alaik," in ji Najatu. "Ƙafar wari take yi. Ba ka ji?"

"'Yata, ciwo in zai fita sai ya yi sallama."

Habu ya dube ta ya dube ni. Ba dirhamina ya gaskata ba, yanzu na gane. Hanya yake nema ya ƙi asibiti, ni kuma na shimfiɗa masa ita har da kwalta. Aka mayar da jallabiyya kan ƙusa.

Kwanaki suka tafi. Labari ya zaga Mansur, har daga unguwar Misfala ake zuwa. Wata mai sayar da waina ta zo da gorarta a ɗiga mata saboda ciwon baya. Na sayi sabon rawani. Baƙin yatsan kuwa ya hau tafin ƙafa, Najatu ta daina gaishe ni, sai dai ta ƙara turare a kasko.

Ranar da abin ya faru bayan la'asar ne, ɗakin cike da 'yan dubiya, har da limamin masallacinmu da wani ɗan kasuwa haifaffen nan mai takardar ƙasa, irin mutanen da ban taɓa samun su saurare ni ba. Na zaro dirhami da hantsaki na ɗaga. Na yi bayanin ayarin da ya yar da shi, da yadda mutanen dā ke ja wa alif wutsiya. Har na ce a tsayuwarsa kaɗai mai ido zai gane marubucin yana da alwala.

Habu ya ce daga kwance, murya ƙasa-ƙasa, "Bakano, a ina ka ce ka tono shi?"

"A hadiƙa, bawana. Gindin dalbejiya."

"Tamu?"

"Ta Allah."

"Miƙo in gani. Ai mai mutuwa ba ya rage wa abu ƙarfi."

Saboda idon jama'a na miƙa. Ya juya shi, ya shafa layin da babban yatsa. Sai ya ɗaga leɓensa na sama, ya kara abin a kan wani dusasshen haƙori da ke gefe. Ko da yake ya lanƙwashe, ya san wurinsa.

"Haƙorin Makkana ne," ya ce. "Bara ya fita ina gwaguyar ƙashi, na lalube ciyawa ban gani ba. Na ce muku cirewa na yi saboda wa'azi, don kada Bakanon nan ya ishe ni." Ya numfasa. "Alif ɗin kuma ni na rubuta. Da zare. Nan nake datse shi tun ina saurayi. Alwala kuwa, wani lokaci da ita, wani lokaci babu."

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Mai waina ta fita, muna jin ta tana kakari a bakin rariya. Ni kuwa ina tsaye da hantsaki a sama, da sabon rawani, ina tuna tafiyar da na yi daga hanyar Muzdalifa har Mansur da haƙorin Bazazzagi a kumatuna.

Habu ne ya fara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kunnuwansa. Da ta lafa ya ce, "Najatu, kira mai tasi. In dai Bakano ne likitan da ya rage mini, gara tarhil."

Ba a yi masa tarhil ba. Karɓarsa aka yi aka shiga da shi, aka yanke ƙafar daga gwiwa, amma dafin ya riga ya shiga jini. Ina tsaye a bayan Najatu likita ya ce da an zo da wuri. Ba ta waiwayo ba. Har gobe na fi son da ta waiwayo ta zage ni.

An sallace shi a Harami, kamar yadda ya so. Ina cikin masu ɗaukar makara, da gwiwata da komai, ba wanda ya ce in matsa.

Bayan an share makoki Najatu ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta miƙo mini ƙullin farin ƙyalle.

"Abuya ya ce a ba ka. Ya ce in ka ƙoshi da alif, ka koma hadiƙa ka nemo harafin ba."

Yana nan a gwangwanin shayi. Sandar kuma dogarawa nake yi da ita zuwa masallaci, na cire mata batir don ta daina ba ni shawara. Abin da na koya kaɗan ne, daidai karatuna: da Makka ta ce a yi cigiya, ta san irinmu za su zo. Da na tsaya a ƙofar ɗakin da ke jikin nawa na ce "wa ya yar da wannan?" kafin in ce "na san wannan", da bawana ya kai asibiti da wuri, ya dawo da ƙafa ɗaya yana zagina har yau. Yanzu ko takalmina na gani a ƙofar masallaci, sai na tambaya ko da mai shi.