Tokar Mimi a Gindin Tukwanena

Tun zuwanmu Alƙahira abu ɗaya ke damuna: kada matan ma'aikatan ofishin jakadanci su leƙa kicin ɗina su ce maigidana ƙazama ya auro. A Madinat Nasr da gas ake girki, ina zan samu tokar dirje tukunya? Har maƙwabciyata Madam Rifkatu na taɓa yi wa ƙorafi.

Rannan maigadi ya kawo ɗan tulu mai murfi, ya ce saƙon Madam ne, ba ta nan. Na buɗe, sai ga toka fara tas, a tankaɗe! Na ce Allah sarki, ta tuna da ni. Na goya Ummi, na dirje tukwanena kaf, har fuskata nake gani a jiki.

Da la'asar Madam ta shigo ido jajir. "Maman Ummi, an kawo Mimi?"

Mimi kyanwarta ce. Ashe ta mutu, ta sa likitan dabbobi ya ƙona ta don ta tafi da tokar gida Jos.

Na miƙa tulun, saura cokali biyu. Ta dubi tukwanen, ta fashe da kuka, sai kuma dariya ta ƙwace mata. "Ba komai, dama Mimi akwai tsafta."

Har yau matan nan in sun zo, sai su yi wa tukwanena "mus-mus", amma ba wadda nata suka kai nawa ƙyalli. Don Allah, mai zuwa Jos ya gaya wa Madam: babbar tukunyar na ajiye mata.