Rasuwar Rikodar da Ta Ɓoye Ciwonta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba har yanzu, iyalan Tong na Hanoi suna sanar da rasuwar rikodarsu, wadda ta cika ranar Talata a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinyar da ta ɓoye wa kowa.

Marigayiya ta yi shekara huɗu tana hidimar Tong Dieu Huyen, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen Rashanci na jami'a, wadda ta tsince ta a ƙasan kabad ɗin mahaifinta tare da kaset shida na darussa. A faɗi alherin mamaci, ba ta taɓa ƙosawa ba. Ko sau arba'in aka mayar da ita baya kan jimla ɗaya, sai ta yi "ƙyas", ta yi "shuuu", wani dattijo mai kakkaurar murya ya sake karantowa a tsanake. Huyen ta raɗa masa suna Kaka. A bakinsa ta koyi nahawun nan da ke sa manyan ɗalibai kuka, kuma ta yarda da shi har tana ganin malamanta ne ke da gaggawa.

Gurbin tafiya karatu Rasha ɗaya ne tak a bana. A rubutu Huyen ta wuce kowa, saura jarrabawar sauraro. Da aka kunna muryar wata Barashiya mai karanta labarai, ta riƙe biro minti goma sha biyar, ba ta kama komai ba sai gaisuwar farko. Wata ɗalibar aka ba gurbin.

Kwana uku bayan haka marigayiya ta ƙi motsi, aka garzaya da ita wurin Baba Doan mai gyara. Ya buɗe cikinta ya girgiza kai.

"'Yata, wannan ai ta daɗe da mutuwa, kunya ce ta hana ta kwanciya. Robar da ke juya mata kaset ta saki tun kina firamare, jan ƙafa kawai take yi, duk muryar da ta shiga cikinta sai ta fito da kauri da nawa."

Ya sa kaset ɗin a wata lafiyayyar rikoda. Ashe babu wani Kaka. Budurwa ce mai siririyar murya, tana zuba Rashanci da gudu, tana ƙyalƙyala dariya in ta yi kuskure. Mahaifin Huyen, wanda ya kawo ta a keke, kuma ya shekara huɗu yana jin dattijon nan ta bango, ya zauna a bakin titi.

"Uwarki ce," in ji shi. "Lokacin tana ajin da kike ciki yanzu."

Huyen tana da shekara uku uwar ta rasu. Wannan cin amana ya fi na gurbin ciwo, kuma iyali ba su yafe ba.

Marigayiya ta rasu ta bar kaset shida, waɗanda aka riga aka raba su da gawarta, da ƙamus mai ɓallallen bango, da fensirin da ake naɗe mata zaren kaset in ta haɗiye shi.

Za a fitar da ita ranar Asabar da safe, idan matar da ke sayen tarkace ta biyo layin. Ba a buƙatar furanni, ba za a kunna turare ba. Gwaggon Huyen ta kawo shawarar a yi rikodar takarda a ƙona, kamar yadda a al'adar Hanoi ake ƙona kayan takarda don aika wa magabata a lahira.

"Gwaggo, ko ashana kada a ƙyasta," in ji Huyen. "Ni ta cuce ni a nan, ya isa. Ba za ta je kusa da uwata ba."