Injin Jirgin Ruwa a Mandawari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da injin jirgin ruwa ya tsinka ni a gaban mata ba, kuma a tsakiyar Mandawari, inda ko kududdufin kirki babu.

Ni makanikin janareta ne, kuma a lokacin ji nake duk cikin badala babu na biyuna. Mahaifiyata, da muke kira Iya, 'yar bakin tafkin Chadi ce, aure ne ya kawo ta Kano tun tana budurwa. Sunan mahaifinta na ci, shi ya sa take ce mini Babana. Da jiki ya fara ƙi, sai ta koma ba ta da hira sai ta tafki. Ta ce ba kifin take kewa ba, ƙarar injin jirgin babanta take kewa, idan ya doso gida da hantsi. Likita ya hana ta doguwar tafiya, garin nasu ma yanzu ba ya shiguwa. Na ce a raina, in ba za ta je wurin ƙarar ba, ni zan kawo mata ƙarar har gida.

Na je dam ɗin Tiga na sayo inji na hannu wurin wani masunci, wanda ya rantse mini lafiyarsa ƙalau (bai yi ƙarya ba, kamar yadda za ku ji). Na kafa shi a zaure, na tsoma ƙafarsa cikin duro cike da ruwa, wai ina ɓoye wa Iya. Ku ji fa, mutum yana ɓoye inji a zauren gidan ƙasa.

Sai na ja igiya sau goma kafin ya tashi. In ya tashi ya yi ta tari yana karkarwa, minti biyu ya mutu. Na canza fulogi. Na wanke kafireta har sau huɗu. Na sake tiyon mai, na zubar da fetur na haɗa sabo da baƙin mai. Sati uku kullum bayan la'asar ina wannan fama, kafaɗata har ta kumbura. Tambayar wani kuwa? Allah ya kiyaye, ni da ake tambaya.

Ana haka ƙanwata ta haihu, dangin Iya suka zo suna daga Borno. Na ce yau ce rana, ko minti biyun ne Iya ta ji. Na shigo da duro da inji tsakar gida, mata maƙil, kowacce ta sha lalle da turare. Har jawabi na yi, wallahi.

Na ja, shiru. Na sake ja, shiru. A ja na goma sha wani abu ya tashi, farfela ta watsa wa ƙanwar Iya ruwan duro a sabon leshinta, hayaƙi ya turnuƙe masu tuƙa tuwo, sannan ya yi tarinsa ya mutu. Na fizgi igiya da haushi, santsi ya kwashe ni, sai ga ni zaune daɓas cikin kwatami.

Ƙanwar Iya tana matse gyale ta ce, "Sannu injiniya. Mun iso Baga ne, ko da saura?"

Gida ya kwashe da dariya. Ana cikin haka muka ji muryar Iya daga kan tabarmarta, a hankali.

"Babana, 'yar ƙusar nan da ke kan murfin tanki, sassauta ta. Ka toshe masa hanci, ta ina zai sha iska?"

Na murɗa ta sau biyu, tanki ya yi ajiyar zuciya. Ja ɗaya inji ya tashi, yana tafiya sumul. Matar da ban taɓa ganin ta riƙe sifana ba!

Da baƙi suka watse na tsuguna gabanta na ce, "Iya, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko. Ta katanga nake jin ka."

"Shi ne kika bar ni sati uku ina wahala?"

Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Kakanka ma kullum sai ya manta da ƙusar nan. Haka nasa yake tari in ya doso gaɓa, mu ruga muna yi masa dariya. Da ka gyara, ai ya zama injin kowa. Wancan mai tarin shi ne na babana."

Iya ba ta ga damina ta gaba ba. Ina kewarta ƙwarai, har yanzu in na shiga gida sai na kalli inda tabarmarta take.

Darasin da na koya dai bai taka kara ya karya ba: kafin ka kwance kafireta sau huɗu, leƙa ɗaki ka gaida tsohuwarka. Injin yana nan a zaure. Wani lokaci bayan la'asar nakan cika duro, in ɗaure ƙusar nan tamau da gangan, in ja igiya. Maƙwabta suna cewa har yau injiniya bai iya gyara shi ba, ni kuwa ban taɓa musa musu ba.