Hantar da Ta Kusa Cinye Mini Aiki

Satina biyu a wani kamfanin 'yan Koriya a Birmingham aka ce za a fita cin abinci da manaja. An riga an tsorata ni, wai duk wanda ya ƙi karɓar giya daga hannunsa ya manta da ƙarin girma. Maimakon in ce ni Musulmi ne, sai na ga ai na fi su wayo.

Da ya miƙo kofin, na dafe ciki na ce, "Likita ya ce hantata ta kusa tashi daga aiki."

Har idon manaja ya kawo ruwa.

Washegari rabin ofis na kife da ciwon kan giyar jiya, ba mai taɓuka komai. Ni kaɗai ne garau, amma ni aka tura gida, wai in kawo takardar likita kan hantar. Kwana uku ba ni da takardar da zan kai, ina jiran takardar kora. Ƙarshe na je na faɗa wa manaja gaskiya.

Manaja ya ce, "Da ka faɗa, ai lemo za mu ba ka!"

Har yau ko atishawa na yi, sai matata ta ce, "Abban Hanifa, a dai lallaɓa hantar nan."