Yadda Za Ki Ƙwato Rumfarki Daga Ɗan Haya Ba Tare Da Kin Faɗi Sunansa Ba

'Yar'uwa mai rumfa a kasuwa, matso kusa. In ɗan haya ya zauna miki a wuri har ya fara ce wa mutane nasa ne, ga magani, kuma tabbatacce ne, don shekaranjiya na dawo daga gaban alƙali da goyo a baya, da nasara a hannu. Karatuna bai wuce izu biyar ba, amma shari'a yanzu na san ta ciki da waje. Ki bi abin da zan faɗa daki-daki, ba za ki faɗi ba.

1. Ki gaji rumfa

Wannan shi ne mai wuyar, sauran duk sauƙi ne. Tawa Baba ne ya bar mini, Allah ya jiƙansa, a kasuwar Makoda, layin 'yan kanwa. Ya bar mini ita da mutum a ciki, wani dattijo Babarbare mai sayar da kanwa ungurnu. Duk kaka yana aiko da dunƙulen kanwa gida. Mu muna ce mata haya. Da Baba ya rasu sai dattijon ya ce zumunci ce, wai rumfa kyauta Baba ya ba shi tun kafin in yi haƙori. Kin ji inda rigimar take. In haya ce, rumfa tawa. In zumunci ce, na tashi da kanwa kawai.

2. Kada ki wakilta mijinki

Na aiki maigida ya yi masa magana mai zafi. Ya tafi da hantsi, ya dawo da la'asar, baki ja wur da goro, yana cewa, "Ai mutumin nan dattijon arziki ne." Namiji in aka shimfiɗa masa buzu aka ba shi goro, magana ta mutu. Ki nemo mace irin Gwaggo Barira, ƙanwar Baba, wadda ita ma tana da rumfa, kuma ba a taɓa ba ta goro ta yi shiru ba.

3. Ki haihu, kuma namiji

Ni dai na yi. Ƙato ne, masha Allah, kumatu kamar an cusa masa fura, kuma da ya ji muryata yake juyowa. Gwaggo ta ce duk jarirai haka suke, amma ba ta ga yadda wannan yake yi ba. Ɗan fari ne, don haka a gaban mutane ko kallonsa ba na yi, balle in kama sunansa. Ki riƙe wannan, zai dawo.

4. Kada ki yi barci ana gobe suna

Nan na yi sake. Ina ɗaki ina fama da ruwan zafi da kunun kanwa, kanwar ma tasa ce, ashe Mai Kanwa ya turo rago gidanmu. Da safe maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya faɗi sunan yaro, sai na ji sunan ɗan hayata. Maigida ya yi masa takwara.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "To, 'yar nan, an ɗaure miki baki da igiyar rago."

Sunan kuwa ba zai fito daga bakina ba, ba zai fito daga alƙalamina ba. Ki tambayi maƙwabta.

5. Ki je gaban alƙali da kanki

Da na gama wanka na saɓa yaro a baya, Gwaggo a gaba, sai zauren alƙali. Ki durƙusa, ki ce Allah ya gafarta Malam, ki sa murya ta yi rawa kaɗan. Mai Kanwa ya zo da ƙanensa, rawani iri ɗaya, gemu iri ɗaya, sun zauna kafaɗa da kafaɗa.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, wa kike ƙara?"

Na turo baki wajensu.

Ya ce, "Bakin naki ya nuna mutum biyu. Wanne?"

Na ce, "Mai kanwar."

"Dukansu kanwa suke sayarwa. Ba shi da suna?"

Gwaggo ta buɗe baki, alƙali ya ce, "Inna, ke ce mai ƙara?" Ta rufe. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, sunan yana bayana, yana barci."

Zaure ya kwashe da dariya, har mai rubutun alƙali ya ɗiga tawada a riga. A nan, 'yar'uwa, ki sunkuyar da kai ki yi shiru. Masana shari'a irina sun san shiru hujja ce, musamman in ba ki da wata.

6. Ki bar shi ya ji daɗi

Mai Kanwa ya ga ya gama da ni, sai daɗi ya kwashe shi. Ya gyara rawani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina ni ina shari'a da uwar takwarana? Rumfar nan ai ta takwara ce, ni jiranta kawai nake masa."

Alƙali ya ce, "Sake faɗa, Malam, kunnena ya tsufa."

Ya sake faɗa, har da ɗaga murya.

Alƙali ya ce, "Madalla. In da taka ce, yanzu ka bayar a gaban shaidu. In ba taka ba ce, ka yi iƙirari. Ko ta ina, ta bar hannunka. Kanwar da kake aikawa kuma daga yau sunanta haya."

Ƙanensa ya zungure shi da gwiwar hannu, amma magana ta riga ta shiga takarda.

7. Ki yi guɗa kafin a gama bayani

Ni ma haka na yi, shi ya sa sauran sai a hanya Gwaggo ta faɗa mini. Wai rumfa ta yaro ce, ba tawa ba. Wai mai kula da dukiyar yaro ubansa ne, wato mai jan bakin nan. Wai kuma Mai Kanwa zai ci gaba da jira har takwara ya iya awo da kansa. Takwara a yanzu wuyansa ma bai tsaya ba.

Gwaggo ta ce, "To ke me kika samu?"

Na ce, "Gwaggo, na shiga mai rumfa yana zaune a kasuwa, na fito mai rumfa yana ɗaure a bayana. In ya ƙi biyayya, nono a wurina yake."

Ta ja mayafi ta yi gaba. Sau biyu ke nan ana rufe mata baki a rana ɗaya.

Abin da ba ruwana

In kika bi wannan kika haifi mace, ko ɗan hayarki ya zama mai rowar rago, ko kika tarar da alƙalin da ba ya dariya, kada ki doso ƙofata, ina shayar da mai rumfa. Haka kuma ba ni na aiki Sama'ilu mai tabarmi ba, wanda ke zaune a rumfar Gwaggo. Jiya an gan shi yana taya rago, yana tambayar ko 'yarta Kaltume ta kusa sauka.