Notin Tayar Gaba

"Lafiya lau na kwana. Mijin nawa ne dai ban sani ba, tunda na tarar da shi durƙushe gaban ƙarfe kamar mai neman gafara."

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta, wanda gidan ke kira Dogo, a rumfar da yake ajiye babur. Kwanakin baya notin tayar gaba ya kwance masa yana cikin tafiya, babur ya watsar da shi a kwalta, ya karye a kafaɗa. Tun ranar, ko ƙarar babur ɗin wani Kaka ta ji a waje sai gabanta ya faɗi. Yanzu kafaɗa ta warke, ya mayar da taya, gobe zai koma hanya.

Sifana biyu ne a kan buhu a gabansa. Mai shagon kayan gyara ya ba shi ya gwada, ya zaɓi ɗaya. Ya yi wa Kaka bayani cewa kowane noti da iya ɗaurin da masu ƙera babur suka yanka masa: in bai kai ba ya kwance, in ya wuce zarensa ya cinye. Ɗaya sifanar allura gare ta, ana ja ana duba lamba. Ɗayar kuwa mariƙinta ake murɗawa a saita lambar, in ɗauri ya kai sai ta yi ƙas.

"Ɗauki mai allura," in ji Kaka. "Kunnen nan naka tun kana goye ba ya jin komai."

"Mai ƙarar nake so. Sau ɗaya take magana ta yi shiru, ba kamar wata tsohuwa da na sani ba."

"Da can da me kake ɗaurewa?"

"Da ƙarfin damtse."

"Wannan sillen karan?"

"Da shi na sauko da ke ranar da ƙadangare ya hau da ke kan turmi."

Ta ce ƙarya yake yi, hawa ta yi don ta hango abin kunyar da yake aikatawa a bayan katanga. Shi dai ya ture mai allurar gefe, don in ya sunkuya yana ja ba ya iya ganin lambar. Ya saita ɗayar, ya ɗora a noti, ya fara ja.

Shiru, ba ƙas. Ya ƙara ja, taya ta karkace, kafaɗarsa ta amsa. Sai ya saki, ya zauna a ƙasa, zufa na bin wuyansa. Da Kaka ta ga haka, wasan ya fice mata daga baki.

"Bar shi," ta ce a hankali. "A sayar da babur ɗin nan. Ranar da aka shigo da kai, ban gane fuskarka ba."

"Ni ma in na rufe ido kwalta nake gani, Kaka. Amma in ban hau gobe ba, na san ba zan sake hawa ba."

Kaka ta matso kusa da babur. Sannan ta gyara ɗaurin zani, ta tambaye shi inda za ta riƙe. Ya nuna mata kan babur. Ta kama da hannu biyu, ta runtse ido, bakinta na motsi da addu'a. Ya sake ɗora sifana, ya ja a hankali, bai fizga ba.

Ƙas.

Kaka ta saki babur ta cafke shi. "Kafaɗar ce?"

"Sifanar ce."

"Ka tabbata? Ɗaga hannun in gani."

Ya ɗaga har sama. Ta sauke numfashi, ta ce to ya ƙara ɗan murɗi kaɗan saboda ita. Ya ce ko yatsa ba zai ƙara ba, wuce nan kuma ɓarna ce.

"Wato maganar ƙarfe ta fi tawa?"

"A kan noti, nesa ba kusa ba."

Dariya ta ƙwace mata har tana share ido da bakin mayafi.

"Na sallama. Amma gobe kafin ka fita, a ƙofar ɗakina za ta yi ƙas ɗin nan, ina ji da kunnena."